Rigar Tamfol ta Mai Tsani

Idan ka taɓa ɗaga kai a babban titi ka ga ƙatuwar fuskar wata mata tana yi maka dariya da man goge baki a hannu, kada ka ɗauka da ƙafarta ta hau can. Wani ne ya naɗe ta kamar tabarma, ya saɓa ta a kafaɗa, ya haye da ita. A wannan gari, wannan wanin shi ne Mai Tsani.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Ko matarsa, in ta ji an kira shi da shi, sai ta waiga ta ga ko baƙo aka yi. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, ɗaura hotunan talla a kan manyan allunan ƙarfen nan na bakin hanya. Ya ɗaura sabulu, ya ɗaura waya, ya ɗaura banki, ya ɗaura wata katifa mai laushi da har ya sauko yana hamma. Yakan ce duk abin da mutanen gari ke kwaɗayi ta hannunsa yake fara bi. Ita kuwa Maman Auta, wato matar tasa, takan ce eh, ta hannunsa yake bi, ya wuce, ko sallama ba ya yi wa gidansu.

Siriri ne, dogo, furfura ta fara cin gefen kansa. Tafin hannunsa kuwa, ko ashana ka ƙyasta a kai sai ta kama. A ƙasa ba shi da wata magana mai yawa, ɗaki biyu yake haya a gidan da famfo ɗaya ke raba rigimar mutane da dama, kuma in ya shiga layi yaro ma sai ya tsallake shi. Amma da ya kama tsani sai ya zama wani mutum. Daga can sama motocin masu kuɗi da na talakawa duk ƙwari ne masu rarrafe, ba mai yi masa hon, ba mai ce masa matsa. Yana ɗaure kusurwa yana waƙa, da wata murya da Allah ya taimaki jama'a iska ke kwashe ta.

Iskar ce dai matsalar. Wanda bai taɓa hawa ba ba zai gane ba: iskar ƙasa tana da kunya, gine-gine sun koya mata ladabi. Ta sama kuwa ba wanda ya rene ta. Lokacin sanyi, da sassafe, wanda shi ne lokacin aikin tun titi bai cika ba, takan bi ta wuyan riga ta fita ta ƙafar wando, ta ƙirga haƙarƙarin mutum a hanya. Da ƙuruciya Mai Tsani bai damu ba. Da shekaru suka fara taruwa sai ƙirji ya fara kai ƙara. Ya sa suwaita, iska ta bi ta cikinta kamar rariya. Ya haɗa biyu, ta bi ta cikin biyun. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya shiga wani shago mai ƙofar gilashi ya tambayi kuɗin jaket. Abin da aka faɗa masa sai da ya sa ya tambaya ko har da mutum-mutumin da ke sanye da ita. Ya fito a hankali, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa komai.

A nan ne dabara ta zo masa, irin wadda sai ɗan wannan sana'a za ta zo wa. Duk hoton da aka sauke, tamfol ne mai kauri, kuma a sito ake jibge shi. Ma'aikata sun saba ɗiba: wannan ya rufe babur, wancan ya toshe rufin da ke yoyo, wani ya shimfiɗa wa kaji. Mai Tsani ya tsaya yana kallon tarin, ya ce a ransa, abin da ya yi watanni a sama yana kokawa da iska bai faɗi ba, ai shi ne maganin iska. Ya yanko wani babban yanki ya kai wa tela maƙwabcinsu.

Tela ya juya shi, ya shinshina, ya ce shi fa ɗinkin mutane ya koya, ba na motoci ba. Mai Tsani ya lallaɓa shi. Bayan allurai sun karye, keke ya yi kukan da bai taɓa yi ba, riga ta fito. Tana iya tsayawa da kanta a tsakar ɗaki ba kowa a ciki. Abin da ba wanda ya lura da shi sai da aka gama shi ne, yankin da ya ɗebo na tallan man goge bakin nan ne. Gaban rigar shuɗi ne lafiya lau. Bayanta kuwa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, rabin bakin matar nan ne, haƙora farare tas, kowanne ya kai tafin hannu.

Ranar da ya fara zuwa aiki da ita, Gajere ya yi dariya har sai da ya zauna a kan bokitin kusoshi. Gajere shi ne mai riƙe igiya a ƙasa, abokinsa tun farkon aiki. Ya ce yau ya ga mutumin da gabansa ke ɗaure fuska bayansa na washe baki. Mai Tsani ya ce ya yi ta dariya, in sanyi ya kama shi zai zo aro.

Kuma gaskiya rigar ta cika alkawari. Ko ɗigon iska bai shiga ba. Abin da Mai Tsani bai lissafa ba shi ne, wadda ta hana shiga ta hana fita. Mutum ya saɓa naɗin tamfol mai nauyi, ya hau tsani mai tsawo, dole jiki ya yi gumi, komai sanyin gari. Gumin nan ba shi da hanya. Kafin ya kai sama ya dahu a ciki kamar abin da aka rufe a tukunya. Ga ta kuma da tauri, hannu ba ya lanƙwasuwa yadda zai ɗaure igiya. Sai ya tuɓe ta ya rataya a ƙarfe, ya tsaya a gaban iskar nan da riga jiƙe sharkaf. Iska ta ce madalla, dama kai nake jira.

Maman Auta ce ta fara ganewa. Wanki da guga take yi wa mutane, rayuwarta duk a cikin yadi da ruwa da tururi take, saboda haka ba a yi mata ƙarya a kan tufa. Kullum ya dawo sai ta zura hannu ta bayan wuyansa, ta taɓa singiletin, ta yi tsaki. Ta ce masa wannan ba riga ba ce, leda ce, kuma ko burodi aka ɗaure a leda da zafinsa sai ya lalace. Ya ce ita ta san guga, shi ya san sama, kowa ya tsaya a layinsa.

Ba a jima ba tari ya zo, ya kawo zazzaɓi ya taya shi zama. Ya kwanta kwanaki. A asibiti aka ba shi magani, aka ce ƙirjin nan ba na saurayi ba ne, ya daina jiƙewa yana tsayawa a iska. Ya ce to. Ranar da ya koma aiki ya sake zura rigar tamfol, don shi a ganinsa ciwo daga Allah ne, riga kuwa ya sha wahalar ɗinka ta.

Yana tsakiyar tsani tari ya sarƙe shi. Ya rungume ƙarfe da hannu biyu yana ta yi, sifana ta zame daga aljihu, ta faɗo ta daki ƙasa dab da ƙafar Gajere. Ranar Gajere bai yi dariya ba.

Manaja ya kira shi ofis. Yaro ne a kansa, ya same shi a wurin, kuma yana jin nauyinsa, shi ya sa ya yi ta gyara takardun tebur kafin ya buɗe baki.

"Baba, ba wanda ya kai ka iya ɗauri a nan, kowa ya sani. Amma ba zan iya zuwa gidanka in yi wa Mama bayani ba in wani abu ya faru. Akwai babban allon nan na bakin gada, mako mai zuwa. Ka hau, ina ƙasa ina kallo. In ka sauko kana rawar ɗari, ko na ji tarin nan, to ka haƙura, ka riƙa taya Gajere riƙon igiya."

Riƙon igiya ba abin kunya ba ne. Gajere ma da can gwanin hawa ne, gwiwa ce ta sauko da shi. Amma Mai Tsani ya san abin da ƙasa ta yi wa abokinsa: yini yake yana korar masu ajiye mota a gindin allo, yana cacar baki da masu talla, yana ɗaga kai har wuya ya yi ciwo, yana faɗa wa yara ƙanana yadda ake ɗaurin da hannunsa ke ƙaiƙayin yi. Albashin ma ya fi na mai hawa siranta. Mai Tsani ya dawo gida bai taɓa shayinsa ba. Maman Auta ta zura hannu a wuyansa, ta ji abin da ta saba ji, wannan karon ba ta yi tsaki ba. Ta ce gobe za su kasuwar gwanjo, kuma ba tambayarsa take yi ba.

Da safe ya ga ta cika fulas da tafasasshen ruwa ta sa a jaka, ta haɗa da ƙaramin madubinta. Ya tambaya ko shan shayi za su ko kwalliya. Ta ce ya sa takalminsa.

Layin masu rigunan sanyi yana can ƙarshen kasuwa, inda kaya ke rataye har suna shafar kan mutum. Suka tsaya wurin wani mai gwanjo mai ƙaton tumbi da zaƙin baki, wanda kowace riga a wurinsa yanzu aka kwance ta daga dila, kuma wani babban mutum ya riga ya taya jiya. Mai Tsani ya miƙa hannu kai tsaye ga wata baƙa mai sheƙi kamar fata, wadda in ka sa ta sai a yi zaton kana da mota. Mai gwanjo ya ce Alhaji ya san kaya. Mai Tsani, wanda ba a taɓa ce masa Alhaji ba sai in ana son ya matsa, ya fara gyara tsayuwa.

Maman Auta ta karɓe ta. Ta buɗe fulas, ta ɗora bayan rigar a bakin fulas ɗin, ta kifa madubi a kai, ta jira kaɗan. Ta ɗaga madubin, yana nan garau. Ta nuna wa mijin, ta ce tururi bai wuce ba, gumi ma ba zai wuce ba, wannan ƙanwar ta gida ce, haƙora kawai ta rasa. Mai gwanjo ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an yi wa riga gwajin asibiti ba. Maƙwabtansa suka fara leƙowa.

Aka ɗauko wata ta ulu mai laushi. Madubi ya yi hazo nan take. Mai Tsani ya ce to ga ta. Ta ce ya kafa bakinsa a jikinta ya hura, ya sa tafin hannu ta ɗaya gefen. Ya hura, ya ji iskar bakinsa ta fito gaba ɗaya ba tare da ta tsaya gaisawa ba. Ya mayar da ita da kansa. Daga nan aiki ya rabu: ita madubi, shi huri. Abin da suke nema wadda za ta ƙi numfashinsa amma ta bar tururinta ya wuce. Ya hura riguna har kansa ya fara juyawa, mai gwanjo na cewa a yi a hankali kada a hure masa jari.

Suka sami wata mai kumburi da ta kusa ci, sai dai da ya sa ta ya zama kamar katifar nan da ya taɓa ɗaurawa, bel ɗin tsaro ba zai zagaye shi ba. Wata kuma ta yi masa yawa. Mai gwanjo ya ce ai babba ta fi, riba ce, yadi ya fi yawa. Mai Tsani ya girgiza kai. A nan kam fagensa ne: ya san abin da iska ke yi wa tamfol ɗin da ba a ja shi ya ɗame ba, kuma ba ya son ya zama shi ne tamfol ɗin. Wata ta zauna daidai, amma da ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai ɗauri, sai ta tattare ta bar cibiyarsa a waje tana kallon kasuwa.

Can ƙasan tari Maman Auta ta jawo wata. Marar nauyi ce, yadinta sumul, ba ta da zif a gaba sai ɗan gajere a wuya, ta ka ake zura ta. Tana da hula, da babban aljihu ɗaya a ƙirji, da igiyar tsukewa a ƙugu. Madubi ya yi hazo a hankali. Ya hura, kumatunsa suka cika, da ƙyar ya ji wani ɗan ɗumi a tafinsa. Ya zura ta, ya ɗaga hannu, ba ta motsa daga ƙugunsa ba. Aljihun kuma yana sama da inda bel ke bi, sifana za ta zauna a rufe.

Mai gwanjo, da gaskiya ta kama shi ba shiri, ya ce ita wannan tana da aibi: wanda ya ɗinka ta ya yi mata aljihu biyu a ƙarƙashin hammata ya manta bai sa musu gindi ba. Mai Tsani ya zuge ɗaya, ya zura hannu, ya taɓo haƙarƙarinsa. Sannan ya ce wannan ba aljihu ba ne, taga ce. In kana hawa ka buɗe zafi ya fita, in ka isa ka rufe. Ya faɗe ta da muryar wanda ya gane abin da ya kwantar da shi.

Saura abu ɗaya. Rigar ruwan hoda ce. Ba ruwan hoda mai kunya ba, irin wanda ake hangowa daga wata unguwa. Ya tuɓe ta da sauri ya ce shi da furfurarsa ba zai hau sama da wannan ba, gari duka na kallo, Gajere kuma yana raye.

Maman Auta ta rufe fulas ɗinta a nitse.

"Baban Auta, wata da watanni kana yawo da haƙoran wata mata a bayanka, ban ce maka komai ba. Yanzu ruwan hoda ne zai ba ka kunya? Ka zaɓa, ko su yi maka dariya kana sama, ko su tausaya maka kana ƙasa."

Mai gwanjo ya buɗe baki zai sa nasa, ya duba fuskarta, ya fasa. Wajen ciniki kuwa launin nan da ya kusa hana saye shi ya taimaka. Maman Auta ta tuna wa mai gwanjo cewa da bakinsa ya ce tana da aibi, ta nuna masa wata 'yar ƙuna a gefe, ta tambaye shi wane namiji ne zai zo ya ɗauke masa ita in ba wannan bawan Allah da aka tilasta ba. Ya sallama yana cewa Hajiya ta yanka shi ba wuƙa. Tela ya toshe ƙunar da yamma, yana godiya da aka kawo masa abin da allura ke shiga.

Ranar allon gada iska ta tashi da wuri, irin wadda ke kaɗa wayoyin lantarki. Mai Tsani ya sauko daga motar aiki sanye da rigarsa ruwan hoda, Gajere ya tambaya ko auta ta san an ɗauko mata riga. Yaran aiki suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Manaja ya ciji leɓe ya duba agogo. Mai Tsani bai kula kowa ba. Ya ɗaura bel, ya zuge tagoginsa biyu, ya saɓa naɗi, ya kama tsani.

A tsakiyar tsani, daidai inda ya saba jin ruwa na gangara masa ta tsakiyar baya, sai ya ji wani sanyi-sanyi na shiga ta hammata yana kwashe zafin. Ya yi gumi, ba a ce bai yi ba, amma gumi ne na mai aiki, ba na wanda aka dafa ba. Da ya isa sama ya rufe tagogin, ya tsuke hula a ƙarƙashin hular kwano. Iska ta zo da gudu kamar yadda ta saba, ta lalube shi ta ko'ina, ta rasa ƙofa. Ya ɗaure kusurwa ta farko, ya ja, ya koma ta biyu. Wani ƙaiƙayi ya taso masa a maƙogwaro, ya tsaya, ya riƙe ƙarfe, ya haɗiye, ya jira. Ƙaiƙayin ya wuce. Can ƙasa, Gajere ya ce wa Manaja ya saurara. Manaja ya ɗauka tari ne, ya kasa kunne. Waƙa ce, mummuna kamar kullum.

Da ya sauko Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya ga hannu ba ya rawa, leɓe bai canza launi ba. Ya ce shi ke nan, Baba ya ci gaba da hawa, amma maganarsu tana nan, ranar da tarin ya dawo ba sai an sake zama ba. Ya ƙara da cewa ko banza yanzu daga ofis ma zai iya hango inda yake.

Da yamma Maman Auta na kan guga ya shigo. Ta ajiye dutsen, ta zura hannu ta bayan wuyansa, ta ɗan daɗe fiye da yadda gwajin ke bukata. Ta ce da ɗan danshi, amma na mutane. Ta koma kan gugarta, shi kuma ya sha shayinsa har da neman ƙari.

Rigar tamfol ba a yar da ita ba. Washegari ya kai wa Gajere, don wanda ke tsaye wuri ɗaya a cikin sanyi ba ya gumi, ita ce daidai da shi. Gajere ya yi ta ƙi, ya ce shi da mutuncinsa, sannan iska ta kaɗo ya zura ta ba tare da ya gama maganar ba. Mai Tsani ya gyara masa wuyanta, ya ce aro ne fa, ya riƙe ta da kyau, wata rana mai ita zai sauko ya karɓa.

Gajere ya ce ya sani, amma kada ya yi sauri, shi ya fara jin daɗinta.

Yanzu in ka bi ta bakin gada da sassafe za ka ga ɗigon ruwan hoda can sama yana tafiya a gefen allo. In ka sauke ido ƙasa, ga wani gajeren mutum riƙe da igiya yana masifa da mai mota, bayansa na ta washe baki.